Keken Sashiko da Ƙyallen Teloli: Shawara ga Masu Rabon Kekunan Ɗinki a Masarautar Yauri



Duk wanda ya taɓa halartar bikin rabon kayan tallafi a Yelwa ko Wara ko Shanga ya san yadda ake yi. A jera kekunan ɗinki a gaban rumfa, a ɗauki hoto, a watse. Keke iri ɗaya, ɗinki iri ɗaya, kowa ya koma gida yana jiran ɗinkin sallah, ba a jima ba sai ka ga keken a kasuwa ana tayawa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da za a ɗinka da wanda zai saya.

A Japan akwai ɗinkin hannu da ake kira sashiko. Ya bunƙasa a zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868, a hannun matan manoma da masunta, musamman a arewacin ƙasar inda sanyi ke da tsanani kuma auduga ba ta yi. Sukan haɗa tsofaffin tufafi ninki biyu ko uku, su bi su da farin zare a kan rinin baba, allura ta shiga ta fita, layi kusa da layi, har tsumma ya koma riga mai kauri. Da irin wannan riga masuntan tsibirin Awaji suke shiga teku. 'Yan kwana-kwana na birnin Edo, wato Tokyo ta yau, sukan jiƙa nasu rigunan sharkaf kafin su tunkari gobara.

Kamfanin Baby Lock ya ƙera keke mai kwaikwayon wannan ɗinki. Ba shi da zaren sama. Da zaren ƙasa kaɗai yake aiki: allura da wata 'yar waya su jawo zaren zuwa sama, su shimfiɗa shi a fuskar yadi, su mayar, su bar tazara, sannan su sake. Tela na iya saita tsawon zaren da ke bayyana daga milimita 2 zuwa 5, haka ma tazarar. A fuska sai ka rantse hannu ne ya yi, amma in ka juya bayan yadin za ka ga layi ɗaya miƙe ba yankewa. Wannan ɗinkin kaɗai ya iya, ba ya haɗa riga, ba ya aska takwas. Saboda haka masu aikin wuya na Zariya da matan da ke surfanin hula ba su da abin tsoro, kuma bai halatta a sayar da aikinsa da sunan aikin hannu ba.

Mu ma ba baƙin wannan dabara ba ne. Lifidin da dakaru da dawakansu ke sawa mene ne, in ba yadi ninki-ninki da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki ba? Abin da ya kashe irin wannan aiki shi ne cin lokaci, kuma nan ne keken ya shigo.

Ku dubi inda muke. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 1,200, aka tashi mutum wajen 44,000 daga gidajensu, ciki har da Gungawa da suka bar tsibiransu suka dawo gaɓa. Tun daga nan rayuwar dubban gidaje ta rataya a kan kwale-kwale. Ku fita bakin ruwa da asubar hunturu ku ga masunci: rigar gwanjo ce a jikinsa, zip ɗin ya mutu, ya ɗaure ta da igiya, yana zaune a kan katako mai laima. Sannan ku shiga shagon tela a Yelwa da almuru, ku ga yaron shago yana share ƙyallen shadda da atamfa ya kai bola. Wannan ƙyalle kuɗi ne. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta rufe a 2007, yanzu mafi yawan yadin da muke yankawa daga waje ake shigo da shi, amma muna ƙona ragowarsa.

Da keken sashiko guda ana iya haɗa ƙyallen nan a fitar da rigar sanyi ta masunta, da matashin zama a cikin jirgi, da majanyi mai ƙwari, da dadduma, da bargon jarirai, da jakar 'yan makaranta. Wandon manomin albasa da gwiwa ta cinye, a sa masa maho a bi shi da layi goma, sai ya fi sabo ƙarko. Kayan doki ma suna da masu saye a kowace fada. Baƙin da ke zuwa kallon bikin Rigata kuwa, me suke samu su saya na Yauri su tafi da shi gida? Farin zare a kan baƙin rini irin na marinar Ƙofar Mata, da zanen kifi ko igiyar ruwa, kaya ne da zai shiga Abuja ba kunya. Sai dai a kiyaye, rigar nan ta sanyi ce, ba ta hana nutsewa, kuma hatsarin jirgin Wara na watan Mayun 2021 ya isa ya tuna mana cewa rigar kariya daban take.

Za a ce keken yana da tsada, yana son wuta, allurarsa ta musamman ce. Gaskiya ne. Shi ya sa ban ce a raba wa kowa ba. Maganar wuta kuwa abin takaici ce a yi ta a gaɓar madatsar da aka gina don megawat 960, amma sola ƙarama za ta riƙe shi.

Hukumar HYPPADEC, wadda aka yi dokar kafa ta tun 2010 amma ba ta fara aiki ba sai bayan shekara goma, don irin waɗannan al'ummomi aka kafa ta. Ina roƙon ta, da ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, su rage kuɗin rabo guda ɗaya kawai, su buɗe ɗakin aiki a hannun ƙungiyar teloli, a sa keke biyu da sola da kayan gyara, a koya wa makanikin keke ɗaya sarrafa shi, mata su riƙa kawo aikinsu suna biyan kuɗin awa. A gwada na shekara guda, a rubuta abin da aka ɗinka da abin da aka sayar, a kawo mana lissafin a taro mai zuwa.