Wa Zai Kira wa Gwauruwa Gayya?

Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Luka, sura 14, daga aya 12 zuwa 14. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, sai ya buɗe ya karanta tare da mutanen gidansa. A wurin nan wani babba cikin Farisiyawa ya kira Yesu cin abinci ran Asabar. Yesu kuwa ya shawarci maigidan, in zai yi biki kada ya tsaya ga abokai da dangi da maƙwabta masu hali, gama su ma za su kira shi wata rana su rama masa. Ya nemo waɗanda ba su da abin ramawa, wato matalauta da naƙasassu, ya bar wa Allah biyan ladan a ranar tashin matattu.

Yau muna so mu ɗauki wannan magana mu kai ta gona.

Mu da muka tashi a ƙauye mun san gayya. A ƙauyukan ƙasar Malumfashi da Kafur, da sauran wurare masu kama da su, in aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai ya aika wa sarkin noma ko shugaban samari da goro, a sa rana. Ran nan tun da sassafe za ka ga maza sun jeru a bakin gona, kowa da fartanyarsa, kowa ya kama kunyarsa. Makaɗi yana biye da gangar noma yana zuga su, ba wanda yake so a bar shi a baya. Kafin rana ta take, mata sun iso da kunu ko fura, daga baya tuwo ya biyo. Aikin da zai ci wa mutum ɗaya mako biyu, an gama shi kafin la'asar. Haka ake yi wajen yaɓen ɗaki, da ɗora jinka, da yasar rijiya, da gyaran hanyar da ruwa ya cinye. Iyayenmu sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, da gaskiyarsu kuwa.

Gayya abu ne mai kyau, mun gode wa Allah dominta. Amma bari mu dube ta da kyau. Gayya tana da ƙa'ida biyu waɗanda ba a rubuta ba, kowa kuwa ya san su. Ta fari, wanda ya kira gayya shi zai ciyar da masu aiki. Ta biyu, wanda aka yi wa yau, gobe shi ma zai ɗauki fartanya ya je na wani, ko ya aika da ɗansa. Wato gayya biki ce, an yi maka ka rama.

To, wa zai kira wa gwauruwa gayya? A ce mijinta ya rasu da rani, ya bar mata 'ya'ya ƙanana da gona. Rumbunta ya kusa ƙarewa, ba ta da hatsin da za ta tuƙa wa maza ashirin tuwo. Ba ta da saurayi a gida wanda za ta aika ya rama mata. Saboda haka ba za ta kira ba, kunya ba za ta bar ta ba. Haka tsohon da 'ya'yansa suka tafi Kano ko Abuja neman kuɗi. Haka magidancin da ciwo ya kwantar da shi daidai lokacin shuka. Ba wanda ya ƙi su, ba wanda ya zage su. Suna jin gangar noma daga gonar maƙwabci, tasu kuwa shiru.

Manomi ya san ciyawa ba ta jiran kowa. Bayan shuka da mako biyu ko uku dole a yi noman farko. In aka wuce wannan lokaci, ciyawa ta sha kan masara da dawa, ta cinye ɗan takin da aka zuba, shuka ta yi ja ta tsumbure. Ko an zo an nome daga baya, amfanin ba zai koma yadda ya kamata ba. Gonar da ba a nome ta kan kari ba a watan Yuni, ita ce rumbun da zai ƙare tun bazara mai zuwa. In marka ta yi a watan Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, a gidan nan ne za a cire yaro daga makaranta, a sayar da akuya ta ƙarshe, wani lokaci ma a jinginar da gonar kanta. Duk wannan fa ya faro ne daga kwana ɗaya tak da ba a samu masu fartanya ba.

Zamani kuma ya ƙara wa abin nauyi. Yanzu mai hali ba ya cika bukatar gayya. Yana da garmar shanu, yana sayen maganin feshin ciyawa, yana biyan 'yan ƙodago. Samari da yawa sun fi son jinga, gama a nan take za a ba su kuɗi a hannu, ba kuwa za mu ga laifinsu ba, su ma suna da bukata. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na kayan masarufi suka tashi, ƙodago ma ya ƙara tsada. Wanda ba shi da abin ciyar da gayya, ina zai samu na biyan ƙodago?

Allah bai bar wannan magana ga ganin damarmu ba. Cikin Littafin Firistoci sura 19, aya 9 da 10, ya umarci Isra'ilawa kada su girbe gona har gefe-gefenta, kada kuma su koma su tsince abin da ya zuba, su bar wa matalauci da baƙo. Cikin Littafin Rut sura 2 mun ga wannan doka tana aiki a Baitalami. Rut gwauruwa ce, baƙuwa kuma daga Mowab, ta fita kala domin ta ciyar da surukarta Na'omi. Bo'aza, mai gonar, bai tsaya ga abin da doka ta ce kaɗai ba. Ya ba ta abinci tare da masu girbinsa, ya kuma gaya musu su riƙa zare mata zangarku daga cikin dammuna su yar da gangan, kada kuwa kowa ya tsauta mata. Ku lura da hikimar mutumin nan. Ya taimake ta ba tare da ya kunyata ta ba. Ta koma gida da abin da ta tara da hannunta, da mutuncinta kuma. Daga zuriyar wannan mai kala aka haifi sarki Dawuda.

Wani zai ce, ai in aka fara haka, ragwaye za su kwanta su jira a nome musu. Manzo Bulus ya amsa wannan cikin Galatiyawa sura 6. A aya 2 ya ce mu ɗauki nauyin juna, a aya 5 kuma ya ce kowa yana da nasa kayan da zai ɗauka. Akwai kayan da ya dace da kan mutum, akwai kuma wanda sai an ɗora masa ko an raba masa. A ƙauye ba a ɓoye wannan. Kowa ya san wanda yake zaman inuwa da lafiyarsa, kowa kuma ya san wadda take fita gona da goyo tun asuba, aikin ne kawai ya fi ƙarfinta.

Me za mu yi ke nan? Ga shawararmu ga kowace ikkilisiya ta ƙauye. Tun kafin ruwan shuka ya sauka, dattawan ikkilisiya su zauna da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, su lissafta gidajen da ba za su iya kiran gayya ba. Mata sun fi kowa sanin gidan da ba a hura wuta ba jiya. A tambaya a asirce ko akwai irin shuka. A sa rana, kowa ya zo da fartanyarsa da goran kununsa daga gida, kada mai gona ta ɗora tukunya saboda kowa. A yi nata da wuri, sa'ad da noman zai yi amfani, kada a bari sai kowa ya gama nasa har da maimai. Yadda muke fita gonar ikkilisiya ko ta pasto da murna, mu fita wannan ma da ganga da waƙa. Ba sai an kira sunanta cikin sanarwa ran Lahadi ba. Da kaka kuma, mai girbi kada ya kori masu kala, ranar godiyar kaka a ware wasu dammuna saboda watan Agusta.

Kada kuma lissafin ya tsaya ga 'yan ikkilisiya kaɗai. Rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, kasuwa ɗaya muke ci, in gobara ta tashi ba a tambayar addinin mai ɗakin kafin a kawo ruwa. Bulus ya ce cikin aya 10 ta surar nan mu yi wa kowa alheri duk sa'ad da muka sami dama. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga majami'a ba, in ta ga samari sun nome mata gona sun tafi ba su karɓi ko goro ba, ta ji wa'azin da ba za ta manta da shi ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka tuna yadda aka yi maka. Romawa sura 5 ta koya mana cewa Almasihu ya mutu dominmu sa'ad da ba mu da ƙarfin taimakon kanmu. Ya yi mana aikin da ba mu kira shi ba, wanda kuma ba za mu taɓa iya ramawa ba. Wanda aka yi wa irin wannan alheri, kwana ɗaya a gonar gwauruwa ba zai yi masa yawa ba. Kafin ka kwanta yau, ka tuna da gida ɗaya a ƙauyenku. Gobe ka je ka gaishe su, ka duba gonar, gama zumunta a ƙafa take.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin ruwan sama, da ƙasa, da ƙarfin hannu. Ka buɗe idanunmu mu ga gonar da ba a ji ganga a cikinta ba. Ka ba matasanmu zuciyar aiki ba don lada ba, ka ba dattawanmu hikimar taimako wanda ba ya kunyata kowa. Ka kiyaye manoma a hanyar gona, ka cika rumbun gwauraye da marayu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai wani mako in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.