Ƙwayoyin Bitamin: Wa Ke Bukatarsu a Gidajenmu?

 Mun gode da kuka bar aikin gona da na gida kuka zo, musamman ku da kuka taso daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, gama mun san yadda hanya take.

Maganarmu ta yau amsa ce ga tambayar da kuke yi mana duk inda muka je. Ana ta kawo muku ƙwayoyin bitamin da kwalaben maganin ƙarin jini, a kemis, a kasuwa, a cikin mota, har a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Wani yana shan iri uku ko huɗu kullum. Tambayar ita ce, dole ne a sha su? In an sha da yawa, akwai illa?

Amsarmu a taƙaice: mutum mai lafiya da yake cin abinci iri-iri ba ya bukatar tarin ƙwayoyi kullum. Akwai waɗanda suke bukatar wasu daga cikinsu ƙwarai, za mu faɗe su ɗaya-ɗaya. Akwai kuma waɗanda in an sha su fiye da kima, cuta suke kawowa.

Bitamin abu ne da jiki yake bukata ɗan kaɗan domin ido ya gani, jini ya ƙaru, ƙashi ya yi ƙarfi, jiki ya iya yaƙi da cuta. Ku manoma ne, kun san takin zamani. Masara tana bukatarsa, amma wanda ya zuba cikin hannu uku a gindi ɗaya ya san abin da zai tarar bayan kwana biyu. Haka bitamin yake. Ba shi ne abinci ba, ba ya maganin yunwa, ba ya kuma ba da ƙarfin noma in ciki babu tuwo.

Iri biyu ne. Akwai masu narkewa cikin ruwa, wato bitamin C da dangin bitamin B. In sun yi yawa, jiki yana zubar da saura ta fitsari. Shi ya sa wanda ya sha ƙwayar bi-kwamfiles yakan ga fitsarinsa ya yi rawaya sosai. Masu talla sukan ce wai ciwo ne yake fita. Ba ciwo ba ne, bitamin B2 ne da jiki bai yi amfani da shi ba, kuɗinka ne ke tafiya bayan gida. Ko su ɗin ma ba a sake musu jiki ba: bitamin C mai yawa yana sa gudawa, yana iya jawo tsakuwar ƙoda, B6 mai yawa na tsawon lokaci kuma yana lalata jijiya har tafin ƙafa da hannu su riƙa mutuwa.

Iri na biyu su ne A, D, E da K. Waɗannan ba sa fita da fitsari, jiki yana ajiye su a hanta da kitse, suna ta taruwa. Bitamin A in ya yi yawa yana sa ciwon kai da amai, yana taɓa hanta. Ga mace mai sabon ciki kuwa, yana iya naƙasa jaririn. Bitamin D mai yawa yana lalata ƙoda. Inda haɗarin yake shi ne, kwalba uku masu suna dabam-dabam za su iya kasancewa da bitamin A a cikin kowacce, mai sha bai sani ba, yana ninka abu ɗaya sau uku.

Kada ku ɗauka a nan ne kawai ake wannan ruɗu. A ƙasar Finlan an yi wani babban gwaji da maza kusan 29,000 masu shan taba. Aka riƙa ba wasunsu ƙwayar sinadarin nan da yake sa karas da kabewa su yi ja, wanda jiki yake mayarwa bitamin A, da tsammanin zai kare su daga kansar huhu. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga kansar ta fi yawa da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha ƙwayar. A 1996 aka tsayar da wani gwaji irinsa a Amurka tun bai ƙare ba, saboda dalili ɗaya. Wanda ya ci karas da kabewa kuwa ba abin da yake samunsa sai alheri. A 2022 wani kwamitin likitoci a Amurka ya duba binciken da aka yi shekara da shekaru, ya ce babu isasshiyar shaida cewa shan haɗin bitamin kullum yana hana ciwon zuciya ko kansa.

To, su wa ke bukata?

Na farko mace mai ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta riƙa shan ƙwayar ayon da folik asid kowace rana har ta haihu. Su ne ake bayarwa wurin awo. Ayon yana ƙara jini, macen da jininta ya yi ƙasa kuwa zubar jini kaɗan wurin haihuwa zai iya ɗauke ta. Folik asid yana taimakon ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri su haɗu daidai, wannan kuwa a cikin watan farko yake faruwa, tun mace ba ta tabbata tana da ciki ba. Saboda haka kada a jira sai ciki ya fito kafin a fara awo. Mun san dalilin da ya sa da yawa cikinku suke dainawa: ƙwayar tana sa tashin zuciya, bayan gida ya yi baƙi ko ya yi tauri. Baƙin bayan gidan ba illa ba ne. A sha ta da dare bayan an ci tuwo, kada a kora da shayi, domin shayi yana hana ayon shiga jiki. Maganar da ake yi cewa tana sa jariri ya yi ƙato har haihuwa ta gagara, ba gaskiya ba ce. Ku mazaje, wannan aikinku ne ku tuna mata, ku kuma ba ta kuɗin mota ranar awo.

Na biyu yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Su ake ɗiga wa bitamin A a baki sau biyu a shekara, lokacin makon lafiyar uwa da yara ko wurin rigakafi. Shuɗiyar ƙwaya ta ɗan wata 6 zuwa 11 ce, ja kuwa ta ɗan shekara 1 zuwa 5, ƙarfinta ninki biyu ne. Tana kare ido daga dundumi, tana rage mutuwar yara daga ƙyanda da gudawa. Kyauta ce. Amma ku lura, ɗaya tak ce a wata shida. Kada uwa ta kai yaro wurin ma'aikata biyu a mako ɗaya don ya ƙara samu, kada kuma mai ciki ta haɗiye jar ƙwayar nan ko kusa. Yaro mai gudawa shi kuma a ba shi ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa zalla ya ishe shi, ba ya bukatar wani ɗigon kwalba sai in likita ne ya rubuta.

Sai masu wata cuta da likita ya gani ya rubuta musu. Mai sikila yakan sha folik asid kullum, amma kada a saya masa maganin ƙarin jini mai ayon ba tare da gwaji ba, musamman in an sha yi masa ƙarin jini, domin ayon yana iya taruwa ya yi masa lahani. Mai shan maganin tarin fuka kuma akan haɗa masa da B6.

Bari mu tsaya kaɗan a kan maganin ƙarin jini, gama nan ne kuɗinmu ya fi tafiya. Da an ga mutum ya yi fari, yana haki, sai a ce jini ne babu, a ruga kemis. Jini ba ya ƙarewa haka kawai, akwai abin da yake cinye shi: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya, zubar jini, ko sikila. A jihar nan mun ga wani dalili mai ban tsoro a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma ma tana rage jini. Wanda yake zuba ruwa a randa mai huda, ba ruwa ne ya kasa masa ba. A je a gwada jini tukuna, a asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu, in ya fi ƙarfinsu su tura ku Gusau. Ku kuma ɓoye ƙwayoyin ayon inda yara ba za su kai ba. Suna kama da alewa, ƙaramin yaro in ya haɗiyi da yawa zai iya mutuwa. In hakan ta faru a tafi asibiti nan take, ko da yaron yana wasa.

Akwai kuma abin da ake sayarwa da sunan bitamin alhali ba shi ba ne. 'Yan matanmu sun san sha-ka-fashe. Yawancinsa maganin ƙaiƙayi ne mai sa barci da yunwa, ko kuma ƙwayar dekza. Ƙibar da dekza take kawowa kumburi ne. Fuska ta yi fam, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya, jiki ya kasa yaƙi da cuta. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, ta je asibiti a rage mata a hankali. Iyaye mata, kada a ɗura wa amarya wannan abu don biki.

Game da masu kawo kwalabe masu tsada da suke cewa suna maganin hawan jini, sukari, rashin haihuwa da ciwon gaɓɓai duka a lokaci ɗaya, sau da yawa ɗan'uwa ne ko 'yar'uwa da muke zama benci ɗaya, shi ma neman abinci yake, shi ya sa ake jin nauyin ƙi. Ba muna cewa a yi faɗa da kowa ba. Amma wanda ya ajiye maganin hawan jini da likita ya ba shi ya koma wa kwalba, shanyewar ɓarin jiki yake kira. Lambar NAFDAC a jikin kwalba tana nuna an yi mata rajista, ba ta nuna kai kana bukatarta ba. Wadda ba ta da lambar ma kada a taɓa.

Abin da ake nema a kwalba, yawancinsa yana bayan ɗakinmu. Zogale, rama, alayyafo, lalo, tafasa da kuka. Kabewa, karas, gwanda, mangwaro, manja da dankalin Hausa mai jan ciki, duk bitamin A ne. Wake, awara, gyaɗa, daddawa, ƙananan kifi, ƙwai da hanta suna gina jiki, da yawansu suna ƙara jini. Gwaiba, lemo da tumatir suna taimakon ayon ɗin da ke cikin wake da ganye ya shiga jiki. A shanya ganye a inuwa, gama rana tana kashe amfaninsa. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, domin bitamin A sai da maiƙo yake shiga jiki. A rage kanwa a miya, kada kuma a dafa ganye har ya yi baƙi. Tun 1993 doka ta ce a sa aidin a gishiri a Nijeriya, tun 2002 kuma ake ƙara bitamin A a fulawa, sukari da man girki na kamfani. Ku duba hoton ido a jikin leda ko galan.

Mun sani akwai gidajen da rashin tsaro ya raba da gonakinsu, tukunya ba ta cika kamar dā. Irin wannan gida ne ya fi kamata ya kiyaye kuɗinsa, domin wata kwalbar kuɗinta ya fi na tiyar wake. Yaron da ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura tamowa ce, ba kwalba za ta tashe shi ba. A kai shi a auna damtsensa. In ma'aunin ya faɗa kan ja, za a sa shi a shirin abincin tamowa. Wannan abincin na leda yana da bitamin da ayon ɗin da yake bukata a ciki, ba sai an ƙara masa komai ba. Nasa ne shi kaɗai, ba a raba wa yayyensa, ba a kai shi kasuwa.

Wanda yake da ƙwayoyi ko kwalabe a gida yana sha kullum, ya tattara su duka a leda ɗaya har da kwalayensu, ya kai wa malamin asibiti ya duba masa wanda zai ci gaba da shi da wanda zai bari. Masu ciki su haɗa da katin awo, iyayen yara kuma su riƙo katin rigakafi domin a ga ranar da aka ɗiga wa yaro bitamin A na ƙarshe.