Ma'aunin Bashi da Kuɗin Shiga a Wajen Masu Ba da Rance

Kafin banki ya amince da buƙatar rance, yakan duba nawa ne daga cikin abin da ke shigo wa mai nema a wata ya riga ya zama na masu bin sa bashi. Ana haɗa duk abin da yake biya na basussuka a wata, a ɗora na sabon rancen, a raba da kuɗin shigarsa. Ma'aikacin da ke karɓar naira 300,000, yana biyan 40,000 na mota da 20,000 ga ƙungiyar gama-kai ta ofis, in sabon rancen zai ci 45,000, jimilla ta zama 105,000, wato kashi 35 cikin ɗari.

A Amurka, masu ba da rancen gida sun daɗe suna bin ƙa'idar 28 da 36: kuɗin gida kada ya wuce kashi 28 na albashi kafin a cire haraji, dukkan basussuka kuma kada su wuce 36. Bayan durƙushewar kasuwar gidaje a 2008, wadda ba da rance ga waɗanda ba su da ƙarfin biya ya taimaka wajen haddasawa, dokar Dodd-Frank ta 2010 ta wajabta tantance ƙarfin mai nema. Daga 2014 aka sa kashi 43 a matsayin iyakar rancen gida mai cikakkiyar kariyar doka, kafin daga baya a sauya wannan sharaɗi. Birtaniya ta fi duban girman rancen: a 2014 Babban Bankin Ingila ya taƙaita yawan rancen gidan da ya kai ninki 4.5 na kuɗin shigar shekara.

A Nijeriya, dokar ƙwadago ta hana a cire wa ma'aikaci fiye da kashi ɗaya bisa uku na albashinsa a wata, kuma bankuna da yawa sukan tsaya kusa da nan a rancen masu albashi. Don gano basussukan da mai nema bai ambata ba, sukan tuntuɓi kamfanonin adana tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral.

Sai dai ma'aunin ba ya ganin abin da bai hau takarda ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma yawancinsa ba ya fitowa fili. Zubin adashi, bashin mai shago, kuɗin makarantar 'ya'yan ɗan'uwa da ya rasu, ciyar da iyaye a ƙauye, duk suna cin albashin da banki ya ɗauka a sake yake. Magidanci mai iyali goma da saurayin da ke zaune gidan mahaifinsa za su iya fitowa da kashi 30 dukansu, alhali ɗaya ya riga ya shiga matsi. Hauhawar farashi ma takan cinye sauran albashin ba tare da alƙaluman sun motsa ba. Ma'aikacin bankin da ya tsaya ga lissafi kaɗai ya cuci mai nema, ya cuci bankinsa.

Ɗan kasuwa da manomi kuwa ba su da albashi tsayayye. Shi ɗan kasuwa ana duba shige da ficen asusunsa na watanni shida zuwa goma sha biyu a fitar da matsakaici, manomi kuma akan ɗage masa biya zuwa kaka, lokacin da amfanin gona ya shiga kasuwa.