Fitilar da Ke Ƙyaftawa Sau Biliyoyi: Leza da Sadarwar Zaren Gilashi



A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin sadarwa na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa. Intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana, hada-hadar banki ta cije. Ranar ce da yawa daga cikinmu suka gane cewa saƙonninmu a cikin zaren gilashi suke tsallaka teku. Yau zan yi magana ne a kan fitilar da ke bakin wannan zaren, wato leza, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba.

A 1962 Robert Hall ya kunna lezar semikondakta ta farko a Amurka, amma ba ta aiki sai cikin tsananin sanyi. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa idan aka tace gilashi, zai kai haske nesa. A 1970 abu biyu suka haɗu: kamfanin Corning ya samar da irin wannan zaren, sannan ayarin Zhores Alferov a Leningrad, da Izuo Hayashi da Morton Panish a Amurka, suka samar da lezar da ke ci babu yankewa a zafin ɗaki. Zuwa 1988 wayar zaren gilashi ta TAT-8 ta tsallaka tekun Atlantika.

Kunna haske abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen sa shi magana. Bayanan kwamfuta ɗaya ne da sifili, don haka dole fitilar ta ƙyafta sau biliyan 10 ko fiye a daƙiƙa guda. Hanya mafi arha ita ce a riƙa ƙara wa lezar wutar lantarki ana ragewa. To, ku tuna da kalangu: makaɗi na matsa tsirkiya, murya na sauyawa. Haka lezar take, duk sa'ad da wutar ta motsa, launin haskenta ya ɗan goce. A cikin gilashi kuwa kowane launi da saurin tafiyarsa. Kafin a yi nisa sai ƙyaftawar farko ta baje ta shiga ta biyu, mai karɓa ya kasa rarrabewa.

Injiniyoyi sun bi matsalar ta fuska biyu. Da farko suka zana ƙananan tsagogi a cikin lezar domin su tsare ta a kan launi ɗaya, wato lezar DFB. Yasuharu Suematsu na Japan yana cikin jagororin binciken leza mai launi ɗaya. Sannan suka bar fitilar tana ci yadda take, suka sa mata ƙyaure a gaba, wanda ke shanye hasken ko ya bar shi ya wuce. Wannan ita ce EML, kuma da ita saƙon gigabit 10 kan yi kilomita 40 zuwa 80.

Duk da haka leza ba ta aiki ita kaɗai. Ana rufe ta a ƙaramin akwatin ƙarfe tare da na'urar sanyayawa da ma'aunin zafi, domin ƙarin digiri ɗaya kan gusar da launinta da kusan kashi ɗaya cikin goma na nanomita. Akwai mai lura da ƙarfin hasken, da mai hana shi komowa baya, da madubin da ke cusa shi cikin tsakiyar zaren, wadda faɗinta maikuromita 9 ne kacal. Gashin kai ya ninka ta sau da yawa.

Nan ne maganar ta zo gida. Wayar MainOne ta sauka Legas a 2010, ta Equiano a 2022, kuma zaren na ta ratsowa arewa. Zafin watan Afrilu yana gajiyar da leza, ƙurar hunturu guda ɗaya a bakin zare ta isa ta dusashe saƙo. Wanda ya san dalilin haka shi zai iya gyara. Ina roƙon sassan fiziks da na injiniyan lantarki a jami'o'inmu su sa wannan akwati a hannun ɗalibi, ya auna haskensa, ya ɗumama shi, ya ga yadda launin ke gocewa da idonsa a kan na'ura.