Jirgin Ejigbo: Inji Huɗu, Uku Suka Mutu

Yau zancen jirgin sama za mu yi. Na san wani zai ce ina ruwan mai kiwo da jirgin soja. Yi haƙuri, Malam, ka saurara. Kafin mu ƙare za ka ga motar da ke kai maka shanu Kumasi a cikin labarin.

Ranar Asabar 26 ga Satumba 1992, da yamma, jirgin ɗaukar kaya na sojan saman Nijeriya, samfurin C-130 da ake kira Hakulis, ya tashi daga Legas zai tafi Kaduna. Yawancin waɗanda ke ciki hafsoshi ne masu karatu a kwalejin manyan sojoji ta Jaji. Wajen minti uku da tashinsa ya faɗa cikin fadama a Ejigbo, nan gefen Legas. Ba wanda ya fita da rai. Cikin mamatan har da hafsoshin Ghana biyar, da wasu daga Tanzaniya da Zimbabuwe da Yuganda. Ka ga ke nan makokin ya iso gidanmu.

Mutum nawa suka rasu? Wasu sun ce 158, wasu 159, wasu 163, wasu ma sun haura haka. Dalilin saɓanin, babu takardar sunaye da ta haɗa duk wanda ya hau. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, me ya kayar da shi? Abin da aka tabbatar shi ne injinansa uku daga cikin huɗu sun mutu jim kaɗan bayan tashi. Hakulis jirgi ne mai juriya. In inji ɗaya ya tsaya, yana iya ci gaba da ukun. In biyu suka tsaya, matuƙi ya shiga uku. In uku ne, ga nauyi, ga shi bai yi sama ba, sai dai ikon Allah.

A nan nake son makiyayi ya taya ni tunani. In saniya ɗaya ta kwanta, sai ka ce ciwonta ne. Amma in uku suka kwanta a yini ɗaya, ba shanun za ka tsaya dubawa ba, tafkin da suka sha za ka je. Haka masana jirgi suke lissafi. Inji uku ba sa haɗa baki su mutu tare, sai in wani abu guda ya shafe su duka, kuma babban abin da suka yi tarayya a kansa shi ne mai. Shi ya sa zargi na farko ya faɗa kan gurɓataccen mai. Man jirgi ɗan'uwan kananzir ne. In ruwa ko datti ya shiga tanki, ƙasa yake kwanciya, don haka ƙa'ida ce kafin tashi a zuƙo kaɗan daga ƙasan tankin a duba. Duk direban da ya taɓa sayen gas a galan a bakin hanya, motar ta fara tari a kan hawa, ya san abin da nake faɗi. Shi dai yana da gefen titi da zai raɓa.

Zargi na biyu lodi. An ƙera Hakulis don sojoji 92 a zaune, sai ga shi da mutum wajen 160. Amma mu yi adalci. In ka sa kowane mutum kilo 80, jimla kusan tan 13 ke nan, jirgin kuwa yana ɗaukar kaya wajen tan 19. Sai ka ƙara jakunkuna, ka ƙara nauyin man da ya sha. A ganina lodi ba shi ke kashe inji ba. Abin da lodi yake yi, cinye rarar ƙarfin da za ka tsira da shi yake yi in inji ya mutu. Alhaji mai albasa, in ka matsa wa direba a Bawku ya ƙara buhu ashirin, motar za ta tashi lafiya lau, har ka ce ai ga shi ba abin da ya faru. Ranar da taya ta fashe a gangara, ko birki ya yi zafi, ran nan buhu ashirin ɗin za su yi magana.

Akwai kuma masu cewa rashin gyara ne da ƙarancin kayan gyara. Akwai masu raɗe-raɗin makirci aka shirya wa hafsoshin, kasancewar zamanin mulkin soja ne na Janar Babangida. Ni ban ga hujjar da aka kafa a kan wannan ba. Abin da ya ciyar da jita-jitar shi ne gwamnati ba ta fito wa jama'a da cikakken rahoton bincike ba.

Kwatanta da abin da ya same mu nan Ghana. Ranar 6 ga Agusta 2025 jirgi mai saukar ungulu na sojanmu ya faɗi a yankin Adansi kan hanyarsa ta zuwa Obuasi, mutum takwas suka rasu, ciki har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da Alhaji Ibrahim Murtala Muhammed, ɗan majalisar Tamale ta Tsakiya. Allah ya jiƙan musulmi. A watan Nuwamba masu bincike suka fito suka yi bayani: iska ce mai dannowa ƙasa ta fizgo jirgin a kan tuddai cikin mummunan yanayi, kuma jirgin ba shi da na'urar da ke gargaɗin matuƙi in ya kusanci tudu. Bayanin bai dawo da kowa ba, amma an san abin da za a saya da abin da za a gyara.

Mu koma kan takardar sunaye. Motar shanu in ta tashi daga Bawku ko Yendi za ta yi kudu, kun san yadda ake yi: direba da yaransa a gaba, masu kula da shanu a sama kan katako, sai kuma wanda ya roƙi a rage masa hanya a Walewale, wanda ba kowa ya san sunansa. In motar ta kife da dare, wa zai ce mutum nawa ne? Wa za a kira a Pusiga ko a Fada Ngurma? Ba wani aiki ba ne shugaban tasha ko sarkin zango ya ajiye littafi, a rubuta suna da gari da lambar wani ɗan'uwa kafin mota ta ɗaga. A Ejigbo, jirgin gwamnati ne, hafsoshin gwamnati ne, amma sai da aka yi kwanaki ana zaƙulo gawa daga taɓo, kuma matan mamatan sun shekara da shekaru suna bin alkawuran da aka yi musu.