Kiwon Lafiyar Wanda Ba Shi da Inshora: Daga Jama'a zuwa Shika



Tun shekarar 2005 aka fara sa ma'aikatan gwamnatin tarayya cikin shirin inshorar lafiya. Amma manomin Jama'a kusa da Samaru, da mai awo a kasuwar Sabon Gari, yawanci daga aljihunsu suke biya. In ciwo ya kama ɗayansu, sai ya fara da kantin magani, sa'an nan ƙaramin asibiti, daga bisani Asibitin Koyarwa na Shika. Ko'ina ya je a yanka masa sabon kati, wani lokaci a maimaita gwajin da aka riga aka yi. Kafin a gano cutar, guzuri ya ƙare.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiyar talakawa. Dokar 2022 kuwa ta wajabta inshora, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu.

To, amma kuɗi kaɗai ba ya sada asibiti da asibiti. Wajibi ne majiyyaci ya riƙe kati guda; ƙaramin asibiti ya tura shi Shika da takardar bayani; likitan Shika ya maido shi da amsa a rubuce; sa'an nan ma'aikacin lafiya na unguwa ya riƙa leƙa shi a gida. Wannan tsari bai fi ƙarfin takarda da alƙalami ba, sai dai yana bukatar ma'aikacin da ya san hakkin talaka yana wuyansa.