Ɓarin Shanu: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Hakiman Wurno da Raba da Goronyo, da ku malamai masu riƙe da littattafan gunduma.

Maganata a kan ɓarin shanu ce. Saniya takan yi wata tara da ciki. In ta zubar da shi, makiyayi ya yi hasarar maraƙi da nonon shekara guda, amma sau da yawa ba ya gaya wa kowa. To, wannan shiru shi ne abin tsoro, gama ɓari yakan zama alamar farko ta annoba.

Akwai wasu ƙwayoyin cuta da ake kira bairas. Ƙanƙantarsu ta kai har madubin likita na kullum ba ya nuna su, allurar da makiyaya kan saya a kasuwa kuwa ba ta kashe su. Sukan bi jinin uwa su ratsa mahaifa su kama ɗan da ke ciki.

Ta farko ita ce cutar zawon shanu wadda likitoci ke kira BVD, an gane ta a Amurka cikin 1946. Ɓarnarta tana bin kwanakin ciki. In ta kama saniya cikin kwana 40 na farko, cikin yakan lalace, sai a ga ta sake neman barbara. In cikin yana wata na biyu zuwa na huɗu ne, ana iya haifar maraƙin da rai, amma jikinsa bai san cutar baƙuwa ce ba, saboda haka zai riƙa yaɗa ta cikin garke muddin ransa. Irin wannan maraƙi ya fi wanda aka zubar hatsari. In kuwa tsakiyar ciki ne, akan haifi maraƙi makaho, ko mai rawar kai wanda ba ya iya tsayuwa.

Ta biyu ita ce zazzaɓin Kwarin Rift, wanda sauro ke ɗauka. Yakan sa shanu da tumaki da awaki su yi ta ɓari a lokaci guda, yana kuma kama mutum. Cikin 2016 ya ɓulla a jihar Tawa ta Nijar, dabbobi suka yi ɓari, mutane suka mutu. Tawa kuwa maƙwabciyarmu ce, shanunta suna shigowa ta Illela. Ga shi kuma fadamun gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo matattarar garkuna ce da sauro.

Ba kowane ɓari ne na bairas ba. Bakkale ma yana kawo shi, haka yunwa. Awon likita kaɗai ke rarrabewa.

Abin da muke roƙonku ke nan:

1. A umurci dagatai da ardo-ardo su kawo labari da zarar shanu biyu ko uku sun yi ɓari a garke ɗaya.

2. Malamai su rubuta ranar, da sunan ruga, da watannin cikin, su aika wa likitan dabbobi nan da nan.

3. Kada a taɓa ɓarin ko mabiyiya da hannu tsirara. A haƙa rami mai zurfi a binne, kada karnuka su ja.

4. A ware saniyar da ta yi ɓari, a kuma tafasa nono kafin a sha.

5. Dabbar da aka sayo a kasuwar Acida ko wata kasuwa, a tsare ta dabam mako uku kafin ta shiga garke.

Kada a ce aikin ya fi ƙarfinmu. Bushiya ta ƙare shanun ƙasar nan wajen 1891, ta kuma dawo da ƙarfi cikin 1983. Amma da allurar rigakafi irin wadda aka yi a Vom, da taimakon sarakuna wajen tara garkuna, aka ci ta, har cikin 2011 aka shelanta ta ƙare a duniya duka. Da labarin da ke fitowa daga ƙauye ake fara irin wannan aiki.

Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, amin. Wassalam.